Yadda ake gano sunan kimiyya na tarwaɗa

Da farko dai ka tabbatar abin da ke hannunka tarwaɗa ce, dan ba duk kifi mai gashin baki bane tarwaɗa, kurungu da minjirya suma suna da shi kuma dukkansu suna ƙarƙashin babban rukuni ɗaya wato Siluriformes. Duba jikin, babu ɓawo, kai a baje, gashin baki guda takwas, sannan a bayan kunnuwan akwai wata gaɓa da take shaƙar iska da ita, shi yasa take daɗewa a waje bata mutu ba. Inka ga haka to ka shigo dangin Clariidae.

Sai ka juya bayanta, nan ne mutane suka fi rikicewa. In fiffiken baya ɗaya ne dogo tun daga bayan kai har kusa da wutsiya, jinsin Clarias kenan. In kuwa ya rabu biyu, na gaba mai ƙaya na baya kuma tsoka ce zalla, to wannan Heterobranchus ce, kar ka haɗa su.

Aikin da yafi wahala shi ne raba nau'o'in tarwaɗa biyu masu kama da juna, Clarias gariepinus da Clarias anguillaris, wallahi da ido kawai ba zaka iya ba. Dole ka buɗe kunnen ka ƙirga ƴan tsinkayen dake jere a ƙashin farko kamar haƙoran mataji, gariepinus ta fi yawa, babba tana iya kaiwa ɗari, ita kuwa anguillaris bata cika wuce hamsin ba.

Yanzu rubutun. Kalma biyu ne, tsarin masanin halittu Linnaeus tun 1758, ta farko da babban baƙi ta biyu da ƙarami, a karkace ake rubuta su ko kaja layi in da hannu ne. In gariepinus ce, cikakken sunan shi ne Clarias gariepinus (Burchell, 1822), kuma kar ka cire bakan nan, ma'anarsa Burchell, masanin da ya raɗa mata sunan, ya fara sa ta ne a jinsin Silurus daga baya aka mayar da ita Clarias. Sunan kuma daga kogin Gariep yazo, a Afirka ta Kudu.

In ka ci karo da Clarias lazera a tsofaffin takardu, kifi ɗaya ne da gariepinus, masanin kifi Teugels ne ya haɗe su a bincikensa, gariepinus ta tsaya dan ita aka fara raɗawa.