Yadda Ake Sauya Gilashin Gaban Tsohon Jirgin Kamun Kifi

Jirgin faiba (mai jikin zaren gilashi da gam) da ya kwashe shekaru yana kai-komo tsakanin Epe, Ikorodu da bakin teku a Legas, gilashin gabansa ne ke fara tona tsufansa. Zai dushe, ya yi 'yan tsage-tsage kamar saƙar gizo, ruwa ya riƙa bin gefen firam yana ɗiga kan sitiyari da wayoyi. Da asuba in rana ta haske shi, matuƙi ba ya hango ragar wani ko gungumen da ruwa ya kwaso, don haka bai kamata a bar gyaransa sai ƙarshe ba.

Kafin ka sayi komai, duba firam. Yawancin yoyon da ake ɗora wa gilashi daga nan yake. Ɗauki hoton kowane ɓangare da waya, ka sa wa sassan lamba, sannan ka fara kwancewa. Idan firam ɗin alminiyum ne, za ka tarar da farin gari a kewayen kusoshi: gishiri ne ya haɗa alminiyum da ƙarfen kusa faɗa har suka manne. Zuba musu man kwance tsatsa su kwana. Wadda ta ƙi, huda kanta da injin huda. In ka ce sai da ƙarfi, firam ɗin ne zai lanƙwashe. Sa tsinken ƙarfe cikin tsofaffin ramukan jikin jirgin. Idan katakon da ke cikin faibar ya yi laushi, ƙwaƙule ruɓaɓɓen, bar shi ya bushe sosai, cike da efoksi, wato gam mai ƙarfi da ake haɗa ruwa biyu, sannan ka sake hudawa. Firam da ya cinye har ya huje kuwa, masu aikin alminiyum na Dopemu za su haɗa maka sabo in ka kai musu tsohon.

Me za a saka? Gilashin tagar gida haramun ne a nan, domin in ya fashe wuƙaƙe yake zama. Gasasshen gilashi mai ƙarfi, wanda ke rugujewa ƙanana-ƙanana kamar na gefen mota, shi ya fi dacewa da fili marar lanƙwasa, musamman in akwai waifa, don ba ya ƙarzuwa da wuri. Sai dai ba a yanka shi ko huda shi bayan an gasa, awonka na farko shi ne na ƙarshe. Akirilik, roba mai tauri da ake gani ta cikinta, wanda 'yan kasuwa suka fi sani da Perspex, shi ne zaɓin mafi yawan ƙananan jirage: nauyinsa wajen rabin na gilashi ne, yana jure rana, kuma kana iya yanka shi da kanka. Folikabonet, wata robar mai kama da shi, ya fi shi jure duka nesa ba kusa ba, amma yana saurin ƙarzuwa, in kuma ba shi da shafin kariya daga rana zai koma rawaya. Ga jirgin da ke iya cikin lagun, wato tafkin Legas, kaurin milimita 6 ya isa ƙaramar taga. Mai fita teku yana karo da igiyar ruwa, kada ya yi ƙasa da 8 zuwa 10.

Kada ka dogara da tsohon gilashin wajen awo, sau da yawa ya riga ya karkace. Yanka kwali mai kauri ko siririn filawud, ka gwada shi cikin firam har ya zauna, ka rubuta masa sama da ƙasa, dama da hagu. Tsofaffin jirage da wuya ɓangarorinsu biyu su zo daidai, kowace taga da nata kwalin.

Ga wurin da aiki ya fi lalacewa. Akirilik yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Falle mai tsawon mita ɗaya, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, yana ƙara kimanin milimita 2, mai duhu kuma ya fi ɗaukar zafi a ranar Legas. In ka matse shi ba inda zai motsa, tsaga za ta taso daga bakin rami ta ratsa shi cikin 'yan watanni. Saboda haka ka bar tazarar milimita 3 a kowane gefe cikin firam. Kusa mai kaurin milimita 5 a yi mata ramin milimita 8, nesa da baki da aƙalla milimita 20, tsakanin rami da rami santimita 10 zuwa 15. Ka ɗan dakushe bakin abin hudar don kada ya cafki robar, ka ɗora fallen kan katako, ka huda a hankali. Yanka da zarto mai ƙananan haƙora, takardar kariyar tana jiki, sannan ka goge bakin da samfefa har ya yi sumul, domin daga ɗan zazzagon baki tsaga ke farawa. Kada ka yi wa rami faɗin da kan kusa zai nutse ciki, wannan kan tamkar tsinken fasa itace yake.

Kusoshi su zama ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, wanda ake buga wa A4 a kai. Mai A2 zai yi jan hawayen tsatsa a ruwan gishiri. Shafa wa kusoshin Duralac ko Tef-Gel, man da ke hana ƙarafa biyu cin juna, inda suka taɓa alminiyum, sa wasar roba, wato ɗan zoben da ake zura wa kusa, ƙarƙashin kai, ka ɗaure da hannu daga tsakiya zuwa gefe. Da wasar ta fara matsuwa, tsaya.

Wajen liƙewa, kankare tsohon gam tas, musamman silikon, don babu abin da ke kama samansa. Silikon mai warin tsami na kasuwa yana iya cin wasu ƙarafa, a bar shi a banɗaki. In da kusoshi za ka ɗaure, tef ɗin butil, mai laushi da danƙo, ya wadatar, ba ya daskarewa, gobe ma za ka iya cirewa. In da gam zalla ne, Sikaflex 295 UV aka yi domin roba, 296 domin gilashi, kowanne da share-fagen da kamfanin ya ce a fara shafawa. Sa 'yan guntayen roba masu kaurin aƙalla milimita 3 a tsakani don gam ya yi kauri, da kaurin ne yake miƙewa in fallen ya motsa. Kewaye wurin da salatif, ka cire shi tun gam bai yi fata ba. Laimar Legas tana sa ya yi fatar da wuri, don haka a yi taga ɗaya-ɗaya, mutum biyu, a inuwa. Ruwan Yuni da Yuli da ƙurar hunturu duk abokan gaba ne, a kafa rumfar tamfol. Bar jirgin ya huta kamar mako guda kafin ya shiga igiyar ruwa.

Daga nan wani ya tsaya ciki, kai ka watsa ruwa da tiyo daga ƙasa zuwa sama don a gane ainihin inda ke yoyo. Wajen wanki, ruwan daɗi da ɗan sabulu da tattausan ƙyalle kawai. Ka gargaɗi yaran jirgi: fetur, tina ko asiton in suka taɓa akirilik suna tsattsaga shi, goge busasshen gishiri da tsumma kuma daidai yake da sa masa samfefa. A fara kwarara ruwa tukuna.