Yadda na gyara lissafin nauyin itatuwan kurmi

Tsarin da na gina don ƙiyasta nauyin itatuwa daga hotunan tauraron ɗan'adam ya riƙa cijewa wuri guda. Da zarar kurmi ya yi duhu, sai ya ba kowane fili kusan adadi ɗaya, alhali awon ƙasa ya nuna wani ya ninka wani. Dalili kuwa, hotunan daga radar tauraron Sentinel-1 suke, na'urar da ke aiko da sigina ƙasa ta karɓi wadda ta dawo; siginar gajeren zango gare ta, ganyen sama take taɓawa ta dawo, ba ta kai ga kututture inda nauyin yake.

Sai na haɗa da bayanan GEDI, na'urar hasken lesa da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta kai tashar sararin samaniya a 2018, mai auna tsayin bishiyoyi a da'irar mita 25. Na cire awon kan gangare mai tsanani, domin tudu yana ƙara wa bishiya tsayin da ba nata ba.

Ƙananan filayen gwaji, inda ake auna bishiyoyi a ƙasa don gwada lissafin, su ne suka fi wahalar da ni. Ƙatuwar bishiya guda a bakin iyaka, rassanta ciki, gindinta waje, ta isa ta dagula lissafi. Na koma filaye masu hekta ɗaya. Yanzu taswirar da tsarin ke fitarwa tana bambance tsohon kurmi da wanda ya sake tohowa bayan sara.