Yadda za ka mai da binciken kufai da adana kayan tarihi sana'arka

Wani ƙanena da ya gama sakandare bana ya tare ni a bakin masallaci, wai yaya, wannan karatun naku na tone-tone ana cin abinci da shi kuwa? Na ce ana ci, amma sai wanda ya shiga da shiri, to abin da na gaya masa ne zan faɗaɗa a nan.

Tun kafin jami'a ka fara daga gida. Mu nan ƙasar Birnin Kudu Allah Ya yi mana baiwa, zanen da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude na shanu masu dogayen ƙaho daga ƙasashen waje ake zuwa gani, mu kuma da yawanmu ba mu taɓa hawa ba. Kusan kowane ƙauye akwai kufai a gefensa, in ana huɗa garma tana tono tsingaro da kashin maƙera, wani wurin har tsohuwar marina ko ragowar ganuwa. Sami littafi ka riƙa rubuta abin da ka gani da inda ka gan shi, ka ɗau hoto da waya, ka je gaban dattawa ka durƙusa ka ce Baba, su wa suka zauna a nan, me ya tashe su? Wallahi wannan zama da tsofaffin shi ne rabin aikin, kuma in suka tafi sun tafi da shi.

Amma don Allah kar ka tona. In ka ciro tukunya daga ƙasa ba tare da an auna zurfinta da abin da ke kewaye da ita ba, ka kashe labarinta, gawayin da ka zubar ma da shi ake gane shekarun wuri a ɗakin gwaji. Kuma doka ta hana haƙa ko sayar da irin kayan nan sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Ka tuna kwalekwalen Dufuna a Yobe, wani Bafulatani ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, labari ya kai ga hukuma, masana suka zo suka gano ya kai wajen shekara 8,000. Da faskara shi aka yi aka hura wuta fa?

Batun karatu, ka haɗa kiredit biyar har da Turanci, ka riƙe tarihi da jogirafi da kyau, sai ka cike akiyoloji, wato ilimin binciken kufai, a jamb. Ana karanta shi a ABU Zariya, akwai kuma Jos da Ibadan da Nsukka, shekara huɗu ne. In zuciyarka ta fi karkata ga tsofaffin gine-gine to zanen gini za ka karanta, sannan ka liƙe wa maginan gargajiya ka koyi tubali da makuba da ɗora azara, don mai gyaran gini irin Gidan Makama ko badalar Kano da aka faro tun zamanin Sarki Gijimasu dole ya san halin jar ƙasa da hannunsa, siminti ɓata irin ginin yake.

Inda nake so ka fi buɗe kunne shi ne nan. Takardar digiri kaɗai ba za ta wadace ka ba, guraben gidajen tarihi da koyarwa a jami'a ba su da yawa, koyarwar ma sai ka ƙara da mastas. Duk fitar da malamai za su yi zuwa daji ka bi su ko da ɗaukar kwanon ƙasa ne, ka iya awon fili, ka iya haɗa taswira a kwamfuta, ka iya zana tsingaro, sama da komai ka iya rubuta rahoto mai tsafta da Turanci. Dalili kuwa, tun 1992 akwai dokar da ta ce kafin babban aiki kamar titi ko dam ko layin dogo sai an binciki illarsa ga muhalli, kuma masu ba da rance irin Bankin Duniya suna sa sharaɗin a duba maƙabartu da kufai da wuraren ibada da aikin zai ratsa. Kamfanonin da ke wannan bincike suna ɗaukar ƙwararru na kwantiragi, kuma kai da ka iya gaida dagaci da mai unguwa, ka san inda tsohuwar maƙabarta take ko babu alama, ka fi wanda aka ɗauko daga nesa amfani. Dubi layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya bi ta Kazaure, ƙauyuka nawa ya ratsa?

Aikin kwantiragi yau akwai gobe babu, ga rana ga ƙura, saboda haka kar ka saki gona ko 'yar sana'arka da wuri. 'Yan mata ma ku shigo, akwai labaran da sai a cikin gida wajen iyaye mata ake samunsu, namiji ba zai shiga can ba. Lokacin bautar ƙasa kuma ka yi ƙoƙari a tura ka gidan tarihi, a can za ka haɗu da waɗanda za su kira ka in aiki ya taso.