Darasi na Tara: Ciwon Gado Mai Toshe Hanyoyin Numfashi

Ciwon da likitoci ke kira sistik faiburosis gadonsa ake yi, kamar yadda muka san sikila. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar halittar ciwon, to a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi yaro da shi, ko da kuwa su iyayen lafiyarsu ƙalau. Wata likita Ba'amurkiya, Dorothy Andersen, ita ce ta yi cikakken bayaninsa a 1938, sannan a 1989 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo shi. Ya fi yawa a tsakanin Turawa, amma mu ma yana samun 'ya'yanmu, sai dai sau da yawa akan ɗauka asma ce ko tarin fuka.

A ƙirjin mai lafiya, majinar da ke cikin hanyoyin iska tsararo ce, tana kwashe ƙura da ƙwayoyin cuta ta fitar da su. A jikin mai wannan ciwo kuwa, gishiri da ruwa ba sa ratsawa yadda ya kamata, saboda haka majinar takan yi kauri da danƙo, ta liƙe a ƙananan hanyoyin huhu. Ku ɗauki bututun biro ku hura, za ku ji iska ta wuce salin alin. Ku tsoma shi a cikin koko mai kauri ku sake hurawa, za ku ga sai kumatu sun kumbura kafin iska ta fita. Abin lura shi ne, fitar da iska ya fi shaƙarta wuya, domin hanyoyin sukan ɗan buɗe idan an ja numfashi, su tsuke idan ana fitarwa, sai wata iskar ta maƙale a ciki. Shi ya sa a asibiti ake sa mara lafiya ya hura wata na'ura da iyakar ƙarfinsa, a auna yawan iskar da ya fitar a daƙiƙa ta farko.

Majinar da ta kwanta matattarar ƙwayoyin cuta ce, kuma duk ciwon ƙirjin da ya dawo yana barin tabo a huhu. Yaron da tarinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, yana cin abinci ba ya ƙiba, bayan gidansa da maiƙo, kuma uwa tana jin ɗanɗanon gishiri idan ta sumbaci goshinsa, ya kamata a kai shi babban asibiti, kamar Barau Dikko a nan Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika, a nemi bayani kan gwajin gumi, wato gwajin da ke auna yawan gishirin da ke cikin gumin yaron don gano wannan ciwo.

Aikin gida shi ne fitar da majina kullum, safe da yamma. Uwa takan lanƙwasa tafin hannunta kamar mai ɗiban ruwa, ta riƙa bubbuga bayan yaron da gefen ƙirjinsa a hankali, sannan ta sa shi ya yi tari ya tofar. Ana yin wannan kafin cin abinci, don kada ya yi amai, kuma a wurin ma'aikacin asibiti ake koyon sa, ba a wurin maƙwabta ba. A nisanta yaron da hayaƙin murhu da na janareta, a rufe masa hanci da ƙyalle idan ƙurar hunturu ta taso, a kuma yawaita ba shi ruwa lokacin bazara.