Yadda za ki koya wa ɗanki tunanin gobe

Ɗan shekara uku zai ce miki "jiya za mu je gidan Kaka", alhali gobe yake nufi. Ba shirme ba ne. Bakinsa ya kama kalmar, ma'anarta ce ba ta zauna ba tukuna. Tsakanin shekara uku zuwa biyar yaro ke fara hango kansa a lokacin da bai zo ba, kuma hirar gida na taimakonsa ƙwarai.

Ki fara da jiya. Sassan ƙwaƙwalwa masu tuno abin da ya wuce su ne dai ke aiki idan mutum yana hasashen abin da ke tafe. Bayan isha ki zaunar da shi: "Abba, da muka je Kasuwar Barci me muka sayo? Wa muka gani?" Kada ki katse shi ko da ya cakuɗa labarin. In ya gama sai ki ce, "To gobe in gari ya waye, me za mu fara yi?"

Daga nan sai shirin tafiya, kuma nan ne aikin yake. In za ku hau jirgin ƙasa na Abuja daga tashar Rigasa ta Kaduna, tun daren ki ba shi jakarsa ya zaɓi abin da zai buƙata. Zai ɗauko abin da ransa ke so yanzu, ba na gobe ba. A 2006 masu bincike Cristina Atance da Andrew Meltzoff sun ba yara biskit mai gishiri har ƙishirwa ta kama su, suka tambaye su me za su so gobe. Yawanci suka ce ruwa, alhali waɗanda ba su ci ba biskit suka zaɓa. Saboda haka ki ja shi da tambaya: "Yanzu ka ƙoshi, amma in muna cikin jirgi cikinka ya yi kuka fa?" Ki jira amsar ta fito daga bakinsa.

Kwanaki kuwa, ki mai da su abin taɓawa. Da an sanar da ranar Babbar Sallah, ki zuba tsakuwa a gwangwani daidai sauran kwanakin, kullum da safe ya cire ɗaya. A haka gobe, jibi, gata da citta za su zauna masa.

Abin da ya fi damuna shi ne "gobe zan saya maka" da muke yi don yaro ya bar kuka. A Jami'ar Rochester ta Amurka an gwada yara da alewa, aka ce in sun jira ba su ci ba za a ƙara musu wata: waɗanda aka cika wa alkawari tun farko sun yi haƙurin kusan minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa minti 3 kawai. In kin ce "gobe in sha Allah za mu je Gamji", ki kai shi wurin shaƙatawar. In uzuri ya taso, ke za ki fara tuna masa, ki faɗi dalili, ku sa wata ranar tare.