Yadda ake sa saba ta riƙa binciken dokokin katangar tsaronta da kanta

Katangar tsaro (firewall) ita ce ke tantance bayanan da za su shiga saba, wato kwamfutar da ke ba wasu hidima ta intanet. Dokokinta ba sa zama yadda aka bar su. Yau wani ya buɗe ƙofa (port, lambar da ake shiga wata hidima ta cikinta) don gwaji ya manta da ita, gobe wata manhaja ta cusa nata ba sallama. Maganin shi ne ka sa saba mai Linux ta riƙa kwatanta dokokin da ke aiki da waɗanda ka amince da su, kullum.

Da farko ka fitar da dokokin da ke aiki a yanzu, domin sau da yawa sun sha bamban da na cikin fayil ɗin saituna. Idan manhajar katangarka nftables ce, wadda Debian ta koma kanta tun sigar 10 a 2019, rubuta `nft -s list ruleset`. Wannan `-s` tana cire ƙidayar fakiti (ƙunshin bayanan da ke wucewa) mai canzawa kowane lokaci. Mai iptables kuwa, manhajar da ta gabaci nftables, ya yi `iptables -S`, da `iptables -t nat -S`, sannan `ip6tables -S`. Na ƙarshen nan ne aka fi mantawa, sai a toshe tsohon tsarin adireshi na IPv4 tsaf a bar sabon na IPv6 a wangale.

Sai ka zauna ka karanta abin da ya fito layi-layi. Kada ka yi gaggawa a nan. Ana bin dokokin daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara yanke hukunci kan fakiti ita ce da magana. Don haka dokar da ta hana shiga ƙofa 3306 ta rumbun bayanai na MySQL ba ta da amfani idan akwai wata a samanta da ta yarda da kowa. Gyara, sannan ka sake fitar da dokokin ka adana su a `/root/amintattu.txt`, ka sa fayil ɗin cikin git, manhajar adana tarihin canje-canje.

Yanzu ba wa cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, aikin kwatantawa kullum da ƙarfe biyar na asuba:

`0 5 * * * /usr/sbin/nft -s list ruleset | diff /root/amintattu.txt -`

Rubuta cikakkiyar hanyar nft, don cron ba ya leƙa `/usr/sbin` da kansa. Idan komai daidai yake, diff, mai kwatanta rubutu biyu, ba ta cewa uffan. Idan an samu bambanci, cron zai aika saƙo zuwa adireshin imel da ka sa a MAILTO cikin saitunan cron, muddin sabar na iya tura imel. Mai fail2ban, manhajar da ke toshe masu yunƙurin kutse da kanta, ya tace adireshin da take toshewa kafin kwatantawa, in ba haka ba saƙo zai yi ta zuwa har ya daina buɗewa.

Duk da haka, a ganina binciken cikin gida bai isa ba. Docker, manhajar gudanar da wasu manhajoji a keɓe, alal misali, takan buɗe ƙofofin da aka fitar da `-p` ta bayan ufw, manhajar sauƙaƙa sarrafa katangar, ita kuwa ufw tana nuna maka a rufe suke. Daga wata kwamfuta ta waje ka gudanar da `nmap -p- -oX yau.xml` tare da adireshin sabar sau ɗaya a mako don ganin ƙofofin da ke buɗe, ka kwatanta da sakamakon makon jiya ta hanyar `ndiff`. Sabarka kaɗai za ka yi wa haka, ko wadda mai ita ya ba ka izini.