Yadda na gyara ragar da ta ƙi haɗuwa a Gmsh

Kwana biyu na yi a Garwa ina fama da zanen ƙafar tankin ruwa. Na ɗauko fayil ɗin zanen, nau'in STEP, daga manhajar zane ta FreeCAD na zuba a Gmsh, manhajar da ke rarraba zane ƙanana-ƙanana kamar raga don a yi lissafi a kansa, amma ragar ta ƙi haɗuwa a inda ginshiƙi ya zauna kan faranti.

Da na matso da wurin sosai, ashe fuska biyu ce kwance a kan juna, kowace da nata layuka da ɗigo. Ido abu ɗaya yake gani, kwamfuta kuwa biyu, shi ya sa a lissafi nauyi ba ya ratsawa tsakanin ginshiƙi da faranti. Wannan ya dame ni ƙwarai, don mutane za su riƙa tsayawa a ƙarƙashin tankin nan. Na sa wa sassan biyu umarnin Gmsh mai suna BooleanFragments, suka koma tarayya a fuska ɗaya.

Ƙananan ramukan da ke nesa da mahaɗar kuwa, toshe su na yi a zanen, raga ta fito sumul.